Me Kake Sha a Gida? Labarin Ƙaramin Kemis a Zariya

Shagon magani nake da shi a Zariya, irin wanda ake kira kemis: ɗaki ɗaya, kanta uku, benci a ƙofa. Kafin in buɗe shi aikin jinya na yi a asibitin gwamnati har na yi ritaya, mafi yawan shekarun a ɗakin kwanciyar masu hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya. Lasisina na masu sayar da ƙananan magunguna ne, wanda PCN, hukumar kula da sana'ar sayar da magani, ke bayarwa, ana sabunta shi duk shekara. Yana da iyaka. Ba na yin allura, ba na ƙarin ruwa, ba na sayar da maganin da sai likita ya rubuta. Maƙwabta sun sha ƙorafi, wai ga nas a unguwa amma ko allurar zazzaɓi ba ta yi. Na bar su da bakinsu.

Daga Kano muke saro kaya. A da Sabon Gari kowa ke zuwa, sai a 2024 hukuma ta matsa wa dillalai su koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro da ke kan titin Zariya, abin da ya rage wa irinmu shiga cunkoson cikin gari. Ribar sana'ar nan ƙwaya-ƙwaya take zuwa. Ba kasafai ake sayen kwali ba, kati ɗaya ake saye, wani ma rabin kati, a yanke masa da almakashi. Ba na yin babban sari, saboda yawancin magunguna an rubuta a jikinsu a ajiye su ƙasa da digiri 30, shago mai rufin kwano kuwa a watan Afrilu ya wuce nan nesa ba kusa ba. Da damina maganin zazzaɓin cizon sauro ke tafiya. Da hunturu, idan ƙura ta sauko, maganin mura da tari ne ke riƙe da shago, kuma a lokacin ne na fi yin faɗa da masu saye.

Faɗan daga kalma biyu yake tasowa: "A haɗa min." Mutum zai ajiye kuɗi a kan kanta ya ce a haɗa masa na mura da ciwon jiki, yana nufin ƙwayoyi kala huɗu ko biyar a ƙulle a leda, ba suna ba komai. Ni ba na haɗi, kuma ba na miƙa magani sai na ji abin da mutum yake sha a gida. Dalilin yana cikin wani darasi da muka yi a makarantar jinya, wanda ɗalibai da yawa ke haddacewa don jarrabawa su watsar.

A jikin mutum akwai jijiyoyin da ke aiki ba da umarninsa ba. Su ke sarrafa bugun zuciya, faɗi da tsukewar hanyoyin jini, buɗewar hanyoyin iska a huhu, motsin hanji, yawu, ƙwayar ido da mafitsara. Kashi biyu ne, kamar totur da birki a mota. Na totur shi ke tashi idan mutum ya firgita: zuciya ta yi gudu, jini ya hau, ƙirji ya buɗe, baki ya bushe, hanji ya tsaya. Sinadarin adirenalin, wanda jiki ke saki lokacin firgita, nasa ne. Na birki shi ke aiki idan an ci an ƙoshi an kishingiɗa: zuciya ta lafa, yawu ya zubo, hanji ya motsa, fitsari ya fita. Magungunan asibiti masu yawa ko dai suna ƙara wa ɗaya daga cikin biyun nan ƙarfi ko suna danne shi. Abin da masu saye ba su sani ba shi ne, ƙananan magungunan da ke kan kantata, har da wasu itatuwan da ake jiƙawa a gida, su ma waɗannan jijiyoyin suke taɓawa.

Ɗauki maganin mura irin su Procold. Abu uku ne a cikin ƙwaya ɗaya: farasitamol, da mai buɗe hanci, da irin sinadarin Piriton. Mai buɗe hancin yana aiki ne ta hanyar tsuke hanyoyin jinin da suka kumbura a hanci, amma bai san hanci kaɗai ba, duk jiki yake bi. Ga mai hawan jini, wanda likita ke fama ya riƙe masa ƙasa da 140 bisa 90, wannan ƙwayar tana warware aikin maganinsa. Shi kuma Piriton, bayan barcin da yake sawa, yana danne ɓangaren birki, shi ya sa yake busar da baki.

Wani hunturu aka kawo min wani dattijo a kan babur, ɗansa na riƙe da shi ta baya. Ya zauna a benci yana dafe da mara, gumi na keto masa duk da sanyin safiya.

"Sannu Baba, me ke damunka?"

"Hajiya, tun jiya da la'asar fitsari ya ƙi fita. Sai ɗigo-ɗigo."

"Da ma kana samun matsala da shi?"

"To, irin ta tsufa dai. Nakan tashi da dare, nakan daɗe a tsugune."

"Me ka sha a kwanakin nan?"

"Ba komai wallahi, sai maganin mura da yaron nan ya sayo min."

Ɗan ya ciro ledar daga aljihu. Maganin mura ne, ga Piriton daban, ga kuma Buscopan da aka ƙara masa saboda ya ce cikinsa na murɗawa. Dattijo mai kumburin furostet, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, an ba shi abu biyu masu kashe ƙarfin matsewar mafitsara, da na uku mai tsuke bakinta. Na taɓa marar, ta yi tauri ta tasa. Na ce wa ɗan kada su tsaya ko'ina, asibiti kai tsaye, robar fitsari za a sa masa, su tafi da ledar su nuna wa likita. Duk abin da ke cikin ledar nan babu jabu, babu wanda ya lalace. Tambaya ce kawai wanda ya sayar bai yi ba.

Masu asma su ne na biyu a waɗanda nake sa wa ido. Ventolin da suke shaƙa yana buɗe hanyoyin iska ta ɓangaren totur, don haka kada mutum ya yi mamaki idan hannunsa ya ɗan yi rawa ko zuciyarsa ta yi sauri bayan ya shaƙa. Idan ya ɗora goro, da Panadol Extra mai kafeyin, da lemon gwangwanin nan na ƙara kuzari, sai ya zo min yana cewa gabansa na faɗuwa, an yi masa sammu. Kishiyar Ventolin kuwa ita ce Inderal da danginta, masu rage gudun zuciya, waɗanda ke iya toshe ƙirjin mai asma. Hatta timolol da ake ɗiga wa masu hawan jinin ido yakan bi ta hanci ya shiga jini ya yi wannan ɓarna, kuma ba wanda ke ambaton maganin ido idan an tambaye shi abin da yake sha. Tun da kamfanin GSK, mai yin Ventolin, ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Nijeriya, kuɗin Ventolin ya yi tashin gwauron zabo, masu asma da yawa suka koma neman maganin tari na kwalba a madadinsa. Nakan gaya musu gaskiya, ba zai buɗe ƙirji ba, su je famasi su tambayi salbutamol na wani kamfanin mai rajista, maganin ɗaya ne.

Atenolol da Inderal ba na ajiye su, amma rabin dattawan layinmu suna shan irinsu daga asibiti, kuma wurina suke zuwa awon jini. Kafin in ɗaura abin awo nakan kama wuyan hannu in ƙirga bugu na minti guda cur, kamar yadda muke yi a ɗakin jinya kafin mu ba da irin wannan magani. Na lafiyayyen babba yana tsakanin 60 da 100. Idan ya sauka ƙasa da 60 mutum kuma yana jiri, sai in tura shi ga likitansa. Abu biyu nake nanata musu. Kada a yanke maganin rana ɗaya don kuɗi ya ƙare, zuciya na iya zabura, gara a zo a karɓi rance a saya. Mai ciwon suga kuma ya sani maganin yana ɓoye masa rawar jiki da faɗuwar gaba da ke gargaɗinsa idan suga ya faɗi, gumi ne kawai zai rage masa, musamman da azumi.

Magungunan ciwon jiki ba sai na daɗe a kansu ba. Farasitamol kada babba ya wuce giram 4 a yini, ƙwaya takwas ke nan masu miligiram 500, a lissafa har da wanda ke ɓoye a cikin maganin mura, don hanta ba ta bambancewa. Alabukun asfirin ne da kafeyin, ba na mai olsa ba ne, ba kuma na yaro ba. Diklofenak da ibufurofen, abokan 'yan dako da masu acaɓa, suna cin ciki, suna wahalar da ƙoda, suna ɗaga jini. Maganin ɗigawa a hanci irin Otrivin kada ya wuce mako, in ba haka ba hancin ya dawo ya toshe fiye da da.

Inda aikin ya fi wuya shi ne maganin gargajiya. Idan na ce "me kike sha?" sai a lissafa min na asibiti kawai. Dole in bi ɗaya bayan ɗaya: jiƙo fa? Tsimi fa? Na basir? Na Islamik kemis? A nan ne labari ke fitowa. Ni ba maƙiyiyarsu ba ce, a gidana ma ana dafa zogale ana shan zoɓo. Abin da nake so a gane shi ne suna aiki da gaske, shi ya sa suke karo da na asibiti. Zoɓo yana ɗan saukar da jini, hulba tana saukar da suga, wanda ya haɗa su da ƙwayoyinsa kullum ba tare da awo ba zai iya miƙewa tsaye ya ga duhu. Tafarnuwa da citta idan aka mayar da su magani, ana sha da yawa, suna ƙara tsinka jinin mai shan wafarin ko asfirin. Sanamaki yana wanke ciki, amma shansa kullum yana kwashe sinadarin fotasiyam daga jiki, balle ga mai shan Lasix, ƙwayar nan mai sa fitsari, kuma zuciya ba ta wasa da fotasiyam. Kanwa kuwa gishiri ce a wata riga. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU a nan Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa. Har gobe idan mai jego ta zo min ƙafa a kumbure tana haki, kunun nake fara tambaya, kuma da kakar jaririn nake magana, don ita ke da iko da tukunyar.

Zaƙami ya fi kowane nuna cewa itace magani ne. Sinadaran atirofin da hayosin ne ke cikinsa, dangin abin da ke cikin Buscopan, sai dai waɗannan suna hawa ƙwaƙwalwa. Yaron da aka zuba wa shi a zoɓon biki za ka gan shi fata da zafi babu gumi, baki a bushe, ƙwayar ido ta buɗe wangwam, yana sambatu yana kama abin da babu. Fiya-fiya da ake fesa wa sauro akasin haka take yi: yawu na dalala, hawaye, gudawa, majina ta cika ƙirji, ƙwayar ido ta tsuke. Abin mamaki, atirofin ɗin nan na cikin zaƙami shi ne allurar da ake ceton wanda ya sha fiya-fiya da ita a asibiti. Makarin atirofin kuma daga wani wake na yankin Kalaba aka fara fitar da shi a 1864. Don Allah wanda ya sha fiya-fiya kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A cire masa kayan da ta jiƙa, a wanke jikin da sabulu, a ɗauki kwalbar a tafi asibiti.

Masu tallan maganin gargajiya na kwalba suna zuwa min da jaka, ribar da suke yi min alkawari ta ninka ta farasitamol. Lambar NAFDAC nake fara dubawa. Tasu takan ƙare da harafin L, ma'ana hukuma ta duba cewa abin ba ya cutarwa a yadda aka ce a sha, ba wai ta tabbatar yana warkar da cututtukan da aka jera a jikin kwali ba. Wanda ba shi da lamba ko kaɗan ba ya hawa kantata. Na ƙarin ƙarfin maza da "sha ka fashe" na masu son ƙiba ko da lamba ba na karɓa, don an sha kama irinsu da sinadarin Viagra ko deksametazon a ciki. Na farkon idan ya haɗu da maganin ciwon ƙirji da ake sawa ƙarƙashin harshe, jini faɗuwa yake yi warwas. Na biyun kumbura fuska yake yi, ya tayar da suga da hawan jini, yarinya tana murna ta yi kumatu.

Wannan taurin kai yana da tsada. Lokacin da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan binciken BBC kan yadda matasa ke shansa don maye, samarin da ke zuwa da magariba sun ɗauke ƙafa, ni kuwa na huta. Amma masu "a haɗa min" da na mayar, kuɗinsu wani shagon yake shiga, kuma ina ganinsu suna wucewa da ledarsu. Abin da ke riƙe ni su ne masu zuwa kullum, masu hawan jini da masu suga da iyayen yara. Ina da littafi biyu a aljihun tebur, ɗaya na bashi, ɗaya na awo, inda kowane dattijo ke da shafinsa: awon jininsa, bugun zuciyarsa, magungunan asibitinsa, da jiƙon da ya amsa yana sha. Yarinyar da ke taya ni, wadda ke shirin shiga makarantar jinya, ba ta da izinin miƙa maganin mura ga wanda ya haura shekara arba'in sai ta buɗe littafin nan. Idan ba shi da shafi, ta zaunar da shi a benci ta auna shi tukuna, ko da kati ɗaya ya zo saye.