Yadda Ake Ƙidayar Kifin Salmon Kafin Ya Zuba Ƙwai

A Alaska ta Amurka, ba a buɗe wa masunta kamun salmon yadda suke so sai hukuma ta ga alamar isasshen kifi ya haura kogi don zuba ƙwai. To ta yaya ake ƙirga abin da ke cikin ruwa?

Inda ruwa yake garau, kamar kogunan Kvichak da Wood na yankin Bristol Bay, hasumiya ake kafawa a kowane gefen kogi. Nau'in da ake kira jan salmon yana bin gaɓa ne idan zai haura, saboda haka a kan shimfiɗa abu mai haske a ƙasan ruwa domin kifin ya fito sarai, da dare kuma a kunna fitila. Mai ƙidaya ba ya yini yana kallo. Minti 10 yake ƙirgawa a kowace awa a kowane gefe, sannan a ninka sau 6. Ƙyallin rana da iska su ne ke ɓata masa aiki. A kogi mai laka irin Yukon kuwa ido ba ya amfani, sai na'urar da ke gano kifi da amsa-kuwwar sauti.

Hanyar da ta fi yaudarar mutane ita ce ta sa alama. Salmon na tekun Fasifik yana mutuwa bayan ya zuba ƙwai, don haka gawarsa ake bi. A ce an maƙala wa kifi 500 alama an sake su. Daga baya aka duba gawa 2,000, aka samu 100 da alama. Sai a ninka 500 sau 2,000, a raba da 100: kifi 10,000 ke nan.

Amma idan alamar 20 daga cikin waɗannan 100 ta faɗi, 80 kawai za a gani, lissafi ya koma 12,500. Kifi 2,500 da babu su sun shiga takarda, kuma da irin wannan takardar ake yanke hukunci. Shi ya sa ake ƙara alama ta biyu, a huda murfin kunnen kifin, wadda ba ta faɗuwa.

Sai kuma matsalar jinsi. Mace takan mutu kusa da ramin ƙwanta, namiji kuwa ruwa kan tafi da shi, gawar ƙananan kifayen ma dabbobi su ɗauke. Wanda ya haɗa su a lissafi ɗaya ya yi ganganci. Maza daban ake lissafawa, mata daban.