Waldar madgad ta kama, ga inda matsalar take

Jama'a, waldar robar ta riƙe! Madgad ɗin baya na babur ɗina mai ƙafa huɗu, wanda ya tsage tun daga ramin noti har kusan gefe, yanzu ina lanƙwasa shi da hannu biyu, ko gezau. Na bi da shi hanyar gargada da duwatsu, na dawo na haska ta ciki da tocila, babu alamar buɗewa. Wallahi na ji daɗi, domin robar nan ta gasa mini aya a hannu.

Huda ƙarshen tsagar, fafe ta, manna tef ɗin alminiyam ta waje, duk kun san wannan. Abin da ya hana ni barci shi ne ɓarewa. Walda za ta kwanta sumul, ta huce, in sa filaya in ja, sai ta taso gaba ɗaya kamar tsohuwar sitika, ƙasan kuma fes. Na ƙara wuta, roba ta fara rawaya tana hayaƙi. Na rage, sandar robar da ake narkarwa a cike tsagar ta ƙi narkewa. Na sake sayen sandunan PP (nau'in robar da ake kira polypropylene) masu tsada, kuɗin har yanzu yana mini ciwo, su ma suka ɓare.

Madgad ɗin ba shi da tambarin nan na >PP< ko >PE< a ciki, wanda ke nuna nau'in robar (PE ita ce robar polyethylene), shi ya sa na dogara da gwaji. Guntu ya yi iyo a ruwa, asiton (sinadarin goge fentin farce) bai taɓa shi ba, wato ba nau'in robar ABS ba ne, tunda ABS nutsewa yake yi kuma asiton na narkar da shi. To amma gwajin nan iyakarsa ke nan. PP da PE duka sun fi ruwa rashin nauyi, duka ba sa jin asiton, duka gam ba ya kama su. A ido da hannu kusan ɗaya suke, amma a walda ba sa ga-maciji. HDPE, wato nau'in PE mai tauri, na narkewa wajen digiri 130 a ma'aunin Celsius, PP sai ya kai 160 zuwa sama. Kafin sanda ta yi laushi jikin ya riga ya zama ruwa, kuma ko sun narke tare, in sun huce kowa nasa wuri.

Warin ne ya tona asiri. Na ƙona ɗan sili a waje inda iska ke kaɗawa, ya riƙa ɗiga yana warin kyandir sak. PE ne. Maimakon in sake zuba kuɗi, sai na yanko siraran sanduna daga leɓen da ke ɓoye ƙarƙashin kujera, robar jikinsa da kansa. Na gwada a lungu, na bari ya huce da kansa ba ruwa, na ja da filaya. Sandar ce ta tsinke, waldar tana nan daram.

Abu na biyu, kuma ina roƙonku kada ku raina shi: farin nan da rana ke sa wa roba. Wannan fatar ta mutu, ba ta haɗuwa da komai. Samfefa kaɗai ba ta ishe ni ba, sai da na kankare da wuƙa har ainihin launin ya fito yana sheƙi, faɗin yatsa a kowane gefe.

Ta ciki na nutsar da ragar ƙarfe marar tsatsa da kan ƙarfen soda, na rufe ta da wata sanda. Ta waje kuwa tabon na nan, ya fi sauran duhu, kuma PE ba ya son fenti, don haka zan bar shi.

Saura kunnen da noti ke shiga, nan ne jijjiga ta fi yawa. Wanda a cikinku ya taɓa gina kunne sabo fil da sanda, ya faɗa mini: raga ninki biyu kuka sa, ko wosha kuka binne a ciki?