Banki ya sallama mini gida a Bradford, wani ya zo ya ƙara fam 3,000

Aikin jinya ne ya kawo ni Ingila, kuma bayan shekaru muna zuba wa mai gida kuɗin haya a Bradford, ni da uwargida muka yanke shawarar neman namu. Abin da muka tara bai taka kara ya karya ba, don haka idona ya koma kan gidajen da bankuna suka ƙwace daga waɗanda suka kasa biyan bashi. Gane su ba wuya: ba labule, ba kujera, an liƙa takarda a taga, an naɗe famfo da masai da tef mai gargaɗin kada a yi amfani da su, domin an tsiyaye ruwan bututu gudun kada sanyi ya fasa shi. Na samu ɗaya a wajen Girlington, irin tsofaffin gidajen dutse na jere, ɗaki uku, farashinsa ƙasa da na maƙwabta. Na taya fam 118,000, dillali ya kira ya ce banki ya karɓa, da sharaɗin a yi musayar takardun yarjejeniya cikin kwana 28.

Mu da muka tashi a kasuwannin gida, in mai kaya ya ce ya sallama, magana ta ƙare, ko an biya ko ba a biya ba. Da wannan kunnen na ji maganar dillali. Har na kira Katsina na sanar da Hajiya, ta sa albarka.

Ba a jima ba na ga gidan yana nan a shafin talla, an ma ƙara masa sanarwa a ƙasa: an samu tayin fam 118,000 a kan gida kaza, duk mai son ya ɗara haka ya tuntuɓi dillali kafin a yi musayar takardu. Wato kuɗin da na taya shi ne aka kafa wa duniya ta gani, kowa ya san daidai abin da zai tsallake. Na kira dillali a fusace, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce haka ake yi da kowane gidan banki, kuma duk wanda ya nemi ganin gidan gobe zai kai shi.

Lauyata ce ta warware mini dalilin, kuma ya kamata duk mai sha'awar irin wannan gida ya fahimce shi tun kafin ya kashe ko kwabo. A Ingila da Wales, wata doka ta 1989 ta ce cinikin ƙasa ko gida ba ya ɗaure kowa sai an rubuta yarjejeniya, ɓangarorin biyu sun sa hannu. A aikace wannan yana faruwa ne ranar da lauyoyi suka yi musayar takardu, mai saye ya ajiye kafin alƙalami, galibi kashi 10 cikin 100. Kafin ranar, kowa na iya janyewa ba tare da ya biya ɗan'uwansa komai ba. Wannan ya shafi kowane gida. Abin da ya bambanta gidan banki shi ne, mai gida na yau da kullum yana iya jin kunya, ko ya ce ya riga ya ba da kalma, ya sauke tallar. Banki ba shi da wannan damar. Ƙa'idar hukumar FCA, mai sa ido kan harkokin kuɗi, ta wajabta masa ya sayar da gidan a kan mafi kyawun farashin da za a iya samu. Dalili kuwa, kuɗin ba nasa ba ne shi kaɗai: dokar kadarori ta 1925 ta ce in an cire bashi da ɗawainiya, ragowar ta wanda aka ƙwace wa gidan ce. In kuma kuɗin bai kai ba, cikon yana nan a wuyansa, ana iya binsa shekaru. Shi ma dillali doka ta tilasta masa ya isar da duk tayin da ya shigo, ko da saura awa ɗaya a yi musaya.

Na ci gaba da shiri, ina ganin ai kwana 28 ba su da yawa, wa zai shigo? Na biya mai duba gini. Na biya kuɗin binciken ƙaramar hukuma, da na hanyar ruwa, da na tsofaffin ramukan kwal, wanda ake nema a sassa da yawa na Yorkshire saboda haƙar da aka yi a ƙarƙashin garuruwan. Sannan ni ba bashin ruwa na nema ba. Na bi tsarin bankin Musulunci ne, inda banki ke sayen gidan tare da kai, kana biyan hayar kasonsa kana sayen kason kaɗan-kaɗan. Tsari ne da hankalina ya kwanta da shi, amma takardunsa sun fi yawa, bankin ma yana da nasa lauyan, ga shi sai ya aiko mai kimanta gidan. Kowane mataki yana cin kwanaki, sanarwar kuma tana nan a rataye.

Muna dab da gamawa dillali ya kira. Wani ya taya fam 121,000, kuɗi a hannu, ba ya jiran kowane banki. Aka ba ni zuwa washegari da rana in faɗi tayina na ƙarshe. A nan ne mutum yake shiga tarko, domin lissafin da ke zuwa kai shi ne: na riga na kashe kusan fam 1,500, in na bari sun tafi a banza, to gara in ƙara. Na ƙara zuwa 122,000. Mutumin ya sake ɗarawa. Uwargida ta ce, "Baban Khalifa, kuɗin da ya tafi ya tafi, kada mu bi shi da na gyaran rufi." Gaskiyarta, domin rahoton mai duba gini ya nuna rufin yana yoyo, ga danshi a ɗakin ƙasa. Ban da haka, bankin da ke tallafa mini ba zai bi ni sama da kimar da ma'aikacinsa ya sa wa gidan ba, duk ƙarin daga aljihuna zai fito. Na haƙura.

Abin ya yi mini ciwo, har na kai ƙara wurin wani dattijo ɗan Zariya da ya daɗe a garin, bayan sallar Juma'a. Na ce, "Baba, ashe ba an hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa ba?" Ya ce, "An hana, ɗana. Amma wanda ya ce maka daga farko ƙofa a buɗe take har ranar sa hannu, sallama ya yi maka ko gwanjo ya kira? Kuma ƙarin nan da kake kuka a kai, ka san wa zai rage wa bashi?" Ban ce na gamsu gaba ɗaya ba, har yau ina ganin tsarin da zai bar mutum ya kashe kuɗin bincike sannan a zare masa tabarma yana da gyara. A Scotland ma ciniki yana ɗaurewa tun da wuri, ta hanyar wasiƙun da lauyoyi ke musaya. Amma tambayarsa ta biyu ta rage mini zafi. Akwai iyalin da aka fitar daga gidan nan, kuma kowane fam da aka ƙara nauyinsu yake ragewa.

Da wani gidan bankin ya fito a Heaton, na shiga da shiri daban. Kafin in taya, na riga na samu amincewar bankina a rubuce, na miƙa wa lauya shaidar ko ni wane ne da ta inda kuɗina suka fito, don binciken nan shi kaɗai yana iya cinye mako. Na zaɓi lauyar da ta saba da gidajen banki da tsarin Musulunci duka, wadda ba ta karɓar ladan aikinta in ciniki ya rushe, ko da yake kuɗin bincike ba ya dawowa. Ranar da aka karɓi tayi, a ranar aka tura neman bincike, aka kuma sa wa mai duba gini rana. Na sayi inshorar da ke mayar wa mai saye wani ɓangare na kuɗin lauya da na duba gini in aka ƙwace masa ciniki. Ana sayenta ne cikin 'yan kwanakin farko, kuma sai an karanta sharuɗɗanta da kyau, domin wasu ba sa biya in an shiga gasar tayi a rufe, inda kowa ke miƙa tayinsa ba tare da ya san na sauran ba. Abu mafi amfani da muka yi shi ne, ni da uwargida muka rubuta iyakar da ba za mu wuce ba, bayan mun cire kuɗin gyara, kuma tayin farko na bar shi ƙasa da iyakar da gangan.

Aka kuwa sake shigowa. Wannan karon na ƙara sau ɗaya, cikin abin da muka tanada, lauyata kuma ta shaida wa lauyan banki cewa a shirye muke mu yi musaya a ranar. Wancan mai tayin bai ko fara bincike ba. Banki yana duba kuɗi, amma yana duba wanda zai iya kammalawa, kuma tayin da ya ɗara da kaɗan daga mutumin da bai shirya ba ba lallai ya rinjayi wanda takardunsa ke kan tebur ba. Aka yi musaya da yamma, aka sauke sanarwar.

Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki wannan zaman ɗar-ɗar ba, gwanjo na gargajiya ya fi masa sauƙi ta fuska ɗaya: guduma na sauka ciniki ya ɗaure, ka ajiye kashi 10 a take, ka cika saura galibi cikin kwana 28. Sai dai can ma duk binciken kafin ranar ake yinsa, da kuɗinka, ba tare da tabbacin kai za ka yi nasara ba, kuma mai jiran banki zai sha wuya da wa'adin.

Rahusar da na samu ba ta kai yadda na zata ba. Banki bai taɓa kwana a gidan ba, don haka yawancin tambayoyin lauya amsarsu ɗaya ce, mai saye ya bincika da kansa, kuma yadda ka ga gida haka za ka karɓe shi. Da aka maido da ruwa, bututu biyu suka tsiyaya a cikin bango, tukunyar ɗumama gida ta ƙi tashi sai da aka sauya ta, mitar wuta kuma irin ta kati ce mai tsohon bashi, sai da na aika wa kamfanin shaidar ranar da na karɓi makulli suka share. Wasiƙun masu bin tsohon mai gidan bashi sun yi ta zuwa wata da watanni. Ba na buɗewa, nakan rubuta a bayan ambulan cewa ba ya nan, in mayar a akwatin gidan waya. Bashin mutum ake bi ba na adireshi ba, don haka bai taɓa sunana ba. In na haɗa gyara da asarar gidan farko, abin da ya rage mini na rahusa bai wuce fam 6,000 ba.