Rabin Ayar da Na Tsallake a Amos 3:2

A shekarata ta biyu a makarantar Littafi Mai Tsarki aka ba ni Amos 3:2 in yi wa'azin gwaji a gaban aji. Farkon ayar yana cewa a cikin dukan kabilun duniya Isra'ila kaɗai Allah ya sani, ni kuwa a kan wannan na ɗora wa'azina gaba ɗaya, wato mu zaɓaɓɓu ne, babu abin da zai same mu. Da na gama, malaminmu bai yaba ba, bai kushe ba, sai ya ce, "Ɗana, karanta mana ayar har ƙarshe." Na karanta muryata tana rawa, domin abin da ya biyo baya shi ne, saboda haka zai hukunta su a kan dukan laifofinsu.

Wannan "saboda haka" ta hana ni barci. Malam ya nuna mana cewa kalmar Ibrananci "yada", wadda aka fassara da "sani" a ayar, ta wuce sanin suna ko labarin mutum, sani ne na kusanci da alkawari, irin wanda Allah ya yi wa Ibrahim a Farawa 18:19 domin zuriyarsa ta bi gaskiya da adalci. Ashe kusancin da nake taƙama da shi, shi ne dalilin tuhumar.

Amos makiyayi ne daga Tekowa ta Yahuza, ya je masarautar Isra'ila ta arewa ya yi annabci a zamanin sarkinta Yerobowam ɗan Yowash, wajen shekara 760 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da masu hali suke kwanciya a gadajen hauren giwa. Ya fara da laifin Dimashƙu, Gaza, Taya, Edom, Ammon da Mowab, har Yahuza, sa'an nan ya juyo kan Isra'ila, masu sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi, masu rage mudu da yin algus a ma'auni, alhali suna cika Betel, wurin sujadarsu, da hadayu. Ba mamaki Amaziya firist ya ce masa ya koma ƙasarsu.

Zancen mudun nan ya fi taɓa ni, domin duk hutu ina tsare wa kawuna rumfar hatsi, kuma akwai wani mudu mai lotsattsen gindi da nake auna wa mutane gero da shi, na kuwa san da lotsawar sarai, amma ran Lahadi in shiga sahun mawaƙa. Da hutu ya zo, na durƙusa na gaya wa kawu ba zan ƙara auno da shi ba. Ya daɗe yana dubana, sa'an nan ya miƙo mini ɗaya mudun.