Yadda Cinikin Riɗi Ya Kai Ni Ofishin Manyan Lauyoyi a Kano

Ni ne magatakardan ƙungiyar manoman riɗi ta ƙauyenmu, a ƙasar Gumel, ba nisa da Maigatari. An damƙa mini littafin ƙungiya ne saboda na yi shekaru ina koyarwa a firamare, kuma rubutuna yana karantuwa. Hannuna ne a kan takardar da ta kusa cinye guminmu na shekara guda, shi ya sa nake ganin ni ya kamata in ba da labarin.

A kakar 2023 wani kamfani mai fitar da amfanin gona ƙasashen waje ya aiko mana da wakili. Babban ofishinsu yana Legas, suna da sito a wajajen Dawanau. Farashin da ya faɗa ya fi na dillalai, ga alkawarin rabin kuɗi ranar ɗaukar kaya, ragowar kuma bayan kwana 30. Ya kawo yarjejeniya shafi 11 da Turanci. Na duba farashi, na duba nauyi, na duba ranar biya, sai muka sa hannu ni da Shugaban ƙungiya. Sauran shafukan ido kawai na bi da su.

Wanda bai taɓa noman riɗi ba ba zai gane abin da ke cikin buhu ɗaya ba. Sai ka yanke shi kafin kwanso ya fashe, ka ɗaure dami-dami ka jingina su tsaye su bushe, sannan ka kifa kowane dami a kan leda kana kaɗawa a hankali. Mata su sheƙe, su rairaye, idonsu ya yi ja da ƙura. Haka muka tara lodin mota uku. Aka auna a gabanmu, direbobi suka sa hannu a takardar ɗaukar kaya, aka biya rabin kuɗin kamar yadda aka yi alkawari.

Sai bayan mako uku saƙon murya ya shigo wayata ta WhatsApp: wai danshin kayanmu ya wuce ƙa'ida, wai akwai yashi, za su zaftare kaso mai yawa. Daga nan waya ta daina shiga. Wata biyar muna bin sawu, Naira kuwa tun da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan Yunin 2023 take zubewa, kuɗin da ake riƙe mana kullum ƙara ƙanƙancewa yake. Akwai wata gwauruwa a cikinmu da ta ci bashin taki. Ba ta taɓa yi mini magana mai zafi ba, gaishe ni kawai take yi ta wuce, kuma wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo.

Lauyan da muka fara zuwa wurinsa a Gumel yake, ofis ɗaki ɗaya da fanka. Har gobe ina ganin girmansa. Ya karanta takardar tsaf, ya ɗora yatsa a shafi na tara ya ce, “Malam, kun yarda cewa duk wani saɓani ba kotu za a kai shi ba, wajen mai shiga tsakani za a je, kuma a Legas.” Ya bayyana mana cewa ko mun shigar da ƙara a Babbar Kotun Jiha, kamfanin zai nemi a dakatar da shari'ar bisa wannan sharaɗi, kuma doka tana bayansa, musamman sabuwar dokar sasanci ta 2023 wadda ta maye gurbin ta 1988. Ya ce shi ba shi da ƙafa a Legas, mu nemi babban ofishin lauyoyi mai reshe a Kano. Da wani ne da ya karɓi kuɗinmu ya yi ta jan mu.

Dattawa suka ƙi. Suka ce waɗannan lauyoyin bankuna ne da 'yan siyasa, ina talaka ina hawa benensu. Ɗan ƙanena da ke karatu a Dutse ya nuna mini a waya cewa akwai kamfanoni a Landan, irin su Chambers da Legal 500, da ke jera ofisoshin lauyoyin Najeriya daraja-daraja duk shekara, kuma wanda aka kwatanta mana yana cikin jerin a fannin cinikayya. Gaskiya jerin bai kwantar mini da hankali ba. Abin da ya sa na yarda shi ne wani Alhaji mai fataucin zoɓo a kasuwar Maigatari, wanda ya ce sun taɓa karɓo masa kuɗinsa daga hannun wani mai saye ba tare da an shiga kotu ba.

Muka bi ta Gujungu muka isa Kano da hantsi, ni da Shugaba, takardunmu a cikin leda baƙa. Abu na farko ya ɓata mini rai: ba su saurari labarinmu ba. Sunan kamfanin da sunayen daraktocinsa kawai suka karɓa, suka ce mu saurari waya nan da kwana biyu. Na ɗauka raini ne. Ashe ƙa'idar aikinsu ce, sai sun binciki duk rassansu sun tabbatar ba sa yi wa abokin rigimarmu aiki, domin lauya ba ya cin tuwo da miyar gida biyu a magana ɗaya. Da sun ji sirrinmu alhali suna tare da wancan ɓangaren, da mu ne a ciki.

Da muka koma, aka haɗa mu da wata matashiyar lauya, Bahaushiya, ba za ta girmi 'yata ta fari ba. Ta ce, “Baba, mu fara daga shafi na ɗaya.” Sakin layi bayan sakin layi take karantawa tana mayarwa Hausa, Shugaba yana gyaɗa kai. A shafi na shida ta tsaya. Yarjejeniyar da kamfanin ya rubuta da kansa ta ce za a gwada ingancin kaya ne a wurin lodi a gaban ɓangarorin biyu, kuma duk wani ƙorafi sai a rubuce cikin kwana 7. Nasu ƙorafin ya zo bayan mako uku, kuma da baki. Takardar da nake jin kunyarta ita ce take ɗauke da hujjarmu, ban sani ba.

Mako na gaba ta zo ƙauyenmu da kanta. Ta zauna a kan tabarma a zauren Dagaci, ta cire takalmi, ta buɗe littafina. Kowane buhu da sunan mai shi da nauyinsa ta bi. Ta ɗauki hoton takardun direbobi, ta karɓi hotunan lodi da matasa suka ɗauka, domin waya tana ajiye ranar da aka ɗauki hoto. Ta tambayi takardar rajistar ƙungiya, ta ce da ba mu yi rajista ba da ƙungiyar ba za ta iya neman hakki da sunanta ba. Wannan rajistar da mutane suka yi ta ƙorafin kuɗinta shekarun baya, ranar ta biya kanta.

A nan na gane inda ƙarfin irin wannan ofishi yake. Ba benen ba ne, ba kuma sanyin ɗakin ba. Kamfanin ya dogara ne da nisa: ya san manomin Jigawa ba zai iya kwana da tashi a Legas yana bin kuɗinsa ba. Su kuwa waɗannan lauyoyi suna da mai jin Hausa da za ta zauna da mu a zaure, suna kuma da abokin aikinta a Legas wanda aikinsa ke nan, cinikin kayan da ake fitarwa ta Apapa. Ita ta tattara hujja, shi ya gyara wasiƙar neman biya, babbansu mai lambar SAN, wato lambar girma ta manyan lauyoyin Najeriya, ya sa hannu. Wasiƙar shafi biyu ce kacal, ba zagi, ba barazana, sai ranaku da adadi da lambar sakin layi. Kamfanin da ya yi wata biyar bai ɗaga wayarmu ba, lauyoyinsa suka amsa cikin kwana tara. Na tambayi Barista dalili. Ta ce lauyoyin can sun san ofishinsu ba ya rubuta abin da ba zai iya tsayawa a kai ba. Suna ke nan, kuma shekaru aka yi ana tara shi.

An yi zaman sulhu a ofishinsu na Kano, mutanen Legas suna magana ta allon kwamfuta. Kafin mu shiga ta keɓe mu ta ce, “Baba, mota ta uku fa? Hoton ya nuna buhunan da aka zube a ƙasa babu shimfiɗa.” Gaskiya ne, na sani, rannan an yi gaggawa. Ta ce doka tana tare da mu ko a kan wannan, amma in muka dage za a tafi Legas, kuɗin mai shiga tsakani da na tafiya za su iya cinye abin da muke jayayya a kai. Muka yarda da ragi kaɗan a mota ɗaya, aka biya sauran cif, aka rubuta aka sa hannu. Shugaba ya ji zafin ragin. Ni ina ganin ta yi mana adalci da ta faɗa mana abin da ba mu so ji ba.

Aikinsu da tsada, kada wani ya ce maka ba haka ba. Mun tsira ne don mun yi karo-karo mu da yawa, kuma mun nemi a rubuta mana kuɗin kowane mataki tun kafin a fara. Shi babban mai SAN ɗin sau ɗaya na ga fuskarsa, ita ma a allo. Kuma ba kowace matsala ce tasu ba. Shugaba ya ɗauko mata maganar gadon gona da ke tsakaninsa da 'yan'uwansa, ta ce wannan ta Kotun Shari'ar Musulunci ce, lauyanmu na Gumel ya fi su sanin hanyarta kuma ya fi sauƙi.

Da kaka ta sake zagayowa wani mai saye ya kawo tasa takardar. Ban taɓa biro ba sai da na kai ta Kano, kuɗin dubawar bai kai na buhu biyu ba. Aka mayar da wurin sasanci Kano, aka rubuta cewa sakamakon gwajin da aka yi a wurin lodi shi ne na ƙarshe. Muka sayi ɗan injin auna danshi na ƙungiya, muka sayi manyan ledoji na shimfiɗa. Ranar sa hannu na tsaya a ƙofar gidan Dagaci bayan la'asar na karanta fassarar Hausa daga farko har ƙarshe, kowa yana ji. Gwauruwar nan ce ta ɗaga hannu ta ce in maimaita wurin ranar biya, na kuwa maimaita mata sau biyu.