Wa ke shiga ajin AP? Abin da koyarwa a sakandaren Amurka ta koya mini

Tunda na miƙa takardar ajiye aiki kuma an karɓa, yanzu bakina ya buɗe. Waɗanda suka san yadda muka ƙare da shugabar sashen lissafi za su ce haushi ne ke magana. Akwai haushi, ba na musu. Sai dai iyayenmu da ke da yara a sakandaren gwamnati a Amurka sun fi kowa buƙatar sanin yadda ake raba kujerun ajin AP, kuma ba a taron iyaye da malamai za a faɗa musu ba.

Shi dai AP karatun shekarar farko ta jami'a ne ake yi wa ɗan sakandare. Wata ƙungiyar ilimi mai zaman kanta, College Board, ke riƙe da shirin tun 1955. A watan Mayu yaro ya zauna jarrabawa, a ba shi maki daga 1 zuwa 5. Jami'o'i da dama kan karɓi 3 su yafe masa kwas guda, manyan cikinsu kuwa sai 4 ko 5. Kwas ɗin da aka yafe kuɗi ne ya zauna a aljihun uba. Ban da wannan, wajen fitar da matsakaicin makin ɗalibi makarantu da yawa kan lissafa A na ajin AP a matsayin maki 5 maimakon 4, kuma masu tantance ɗaliban jami'a kan duba ko yaro ya ɗauki darussa mafi wuya da makarantarsu ke da su. Abin da mutane ba su sani ba shi ne College Board ba ta zaɓar mai shiga ajin. A rubuce ma tana kira da a buɗe ƙofa ga duk ɗalibin da ke so kuma ya shirya. Mabuɗin yana hannun kowace makaranta, a tamu kuwa yana hannun mace ɗaya, shugabar sashen.

A takarda sharuɗɗan shiga ajin Kalkulas na AP, wato lissafi mai zurfi, biyu ne: ɗalibi ya samu B ko sama a darasin share fage na aji na 11, ajin da ke kafin na ƙarshe a sakandare, sannan malaminsa ya sa masa hannu. Ni nake koyar da darasin share fagen, don haka kowace Fabrairu nake miƙa jerin sunaye. Jerin kan dawo mini ya rame. Shugabar ce ke koyar da ajin AP ɗin da kanta, kuma duk taron farko na shekara sai ta haska mana a bango cewa kusan duk ɗalibanta sun samu 3 zuwa sama, a tafa mata. Ta iya koyarwa, wannan ba zan zalunce ta ba. Amma sakamakon nan tankaɗe biyu ne ke haifar da shi. Na farko a Fabrairu. Na biyu a Oktoba, domin tun shekarar karatu ta 2019 rajistar jarrabawar ta koma watan Nuwamba. Kafin lokacin za ta kira duk wanda gwajin farko ya kayar, ta ba shi shawara cikin taushin murya ya koma ajin lissafi na gama-gari tun bai ɓata takardarsa ba. Wanda ya san makarantun kuɗi a gida da ke ƙin yi wa raunanan ɗalibai rajistar WAEC da sunan makaranta ya riga ya gane dabarar.

Rikicinmu ya taso ne kan wata yarinya, 'yar mutanen Nijar, wadda ta iso ƙasar tana dab da shiga sakandare. An rubuta mata tambarin mai koyon Turanci a fayil, tambarin da ya bi ta shekara da shekaru bayan ta daina buƙatarsa. Da kanta ta yi darasin Jiyometiri a hutun bazara don ta cimma sa'o'inta. A ajina ita ce ke gama aiki ta juya tana nuna wa na kusa da ita. Ta samu A. Na sa mata hannu. Kai, har na'urar College Board mai suna AP Potential, wadda ke duba makin jarrabawar PSAT, gwajin share fagen shiga jami'a, ta fitar da sunayen waɗanda ake kyautata zaton za su ci, ta fitar da sunanta. Jerin ya dawo an ja layi a kanta.

Da na tambayi dalili, sai shugabar ta ce jarrabawar tana da tambayoyi 6 da ake amsawa da bayani a rubuce, kuma Turancin yarinyar ba zai ɗauka ba. Na ce bayanin da ake nema jimla ɗaya ce ko biyu, ga takardunta nan a duba. Ba ta duba ba. Ta ce ita ba ta son ta jefa yarinya inda za ta faɗi, kuma ba don kanta take faɗa ba, don yarinyar ne. Wannan ne darasin da ya fi tsaya mini a rai. Ban taɓa jin an hana yaro kujera da kalmar ƙiyayya ba. Kullum da harshen tausayi ake yi: kada a matsa masa, kada a karya masa gwiwa, bari ya ƙara nuna. Yaran da ake tausaya wa kuwa, in ka jera su, za ka tarar kamanninsu da unguwanninsu kusan ɗaya ne.

A makon nan dai wani yaro da ya samu C a ajina, wanda ban sa wa hannu ba, sunansa ya bayyana a jerin. Mahaifiyarsa ta rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa, aka miƙa mata wata takarda ta sa hannu cewa ta ji shawarar malamai amma ta ɗauki alhakin shigar ɗanta. Ashe akwai irin wannan takarda. Ba ta cikin littafin zaɓen darussa da ake raba wa iyaye, ba a fassara ta zuwa kowane harshe ba, sai wanda ya san da ita ya nema. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Ban ga laifin matar ba, haƙƙin ɗanta ta nema. Laifin na mai ɓoye takardar ne.

Na kira mahaifin yarinyar, direba ne, na yi masa bayani da Hausa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, ai ku kuka san abin da ya dace da ita. In babbar malamarsu ta ce ba ta isa ba, mu wane ne mu ja?" Na ce, "Alhaji, a nan in ba ka ja ba, ɗauka ake yi ka yarda." Wannan ladabin da aka raine mu a kansa, na miƙa yaro ga malami a ce masa na ba ka amana, a tsarin nan shiru ne kawai, kuma shiru sa hannu ne. Sai da ya yi shawara da mai ɗakinsa da wani aminin nasa kafin ya zo. Ranar da ya zo aka ce masa kujeru sun cika.

Ni kuma aka kira ni ofis. Laifina shi ne na tsallake sashe na tattauna shawarar cikin gida da iyaye. Aka saka mini takarda a fayil. Da jadawalin sabuwar shekara ya fito, an karɓe azuzuwan share fage daga hannuna an ba ni na masu maimaita Aljabara, wato an raba ni da alƙalamin da nake sa hannu da shi. Ba wanda ya ce hukunci ne. Buƙatar jadawali ce, in ji su. Yarinyar kuwa mun bi da ita ta wata ƙofar. Jihohi da dama suna barin ɗan sakandare ya ɗauki kwas a kwalejin al'umma ta shekara biyu, a lissafa masa a ɓangarorin biyu. Can gwajin tantancewa a kwamfuta aka yi mata, kwamfuta kuwa ba ta jin karin harshe. Ta yi Kalkulas ɗinta da yamma, tana hawa bas biyu, ta ci. Ban kai wa kowa takardar sakamakon ba. Na dai tabbatar labarin ya isa ɗakin malamai.

Ba sabon abu ba ne. A 1982 ɗalibai 18 na Jaime Escalante, malami ɗan asalin Bolibiya a sakandaren Garfield da ke gabashin Los Angeles, suka ci wannan jarrabawa ta Kalkulas. Hukumar ETS mai duba takardun ta yi shakkar sakamakon 14 daga cikinsu. 12 suka sake zama, suka sake ci. Duk malamin lissafi a Amurka ya san labarin, shugabarmu ma takan ambace shi.

Azuzuwan masu maimaitawa da aka jefa ni don a hore ni su suka nuna mini abin da ban gani ba a da: faɗan da nake yi a aji na 11 an riga an gama shi tun yaro yana ɗan shekara 12 ko 13. Hanyar a jere take. Aljabara ta farko a aji na 8, Jiyometiri a na 9, Aljabara ta biyu a na 10, share fage a na 11, Kalkulas a na 12. Wanda ba a saka shi Aljabara a aji na 8 ba, lissafin shekarunsa ba zai kai shi ba, sai dai ya haɗa biyu a shekara ɗaya ko ya sadaukar da hutu. Wanda ya yanke wannan hukunci malamin makarantar tsakiya ne da uban yaron ƙila bai taɓa gani ba. A cikin masu maimaitawar na tarar da yara masu kaifin kai waɗanda rashin zuwa, ko surutu, ko ƙaura daga wata gunduma a tsakiyar zango ya sauke daga layin, ba a kuma sake waiwayarsu ba.

Wasu wurare sun gano haka suka juya ƙa'idar. Gundumar Federal Way a jihar Washington ta fara a 2010: duk yaron da ya cika ma'auni a jarrabawar jiha, kai tsaye a saka shi aji mai zurfi, sai in iyayensa ne suka ce a cire shi. A 2019 jihar ta mayar da wannan doka a kan dukkan gundumominta. North Carolina ta yi makamanciyarta kan lissafi a 2018, Texas kuma a 2023 ta ce yaran da suka faɗo cikin kashi 40 na sama a lissafin aji na 5 a ɗora su kan layin tun aji na 6. Na kawo wannan a taron sashe. Aka gode mini, aka wuce batu na gaba.

Kada kuma a ɗauka buɗe ƙofa kaɗai magani ne. Ma'aunin da ɗan jarida Jay Mathews ya ƙirƙiro a 1998 don jera makarantu yana ƙirga yawan jarrabawar da aka zauna ne, ba yawan waɗanda suka ci ba, kuma na san malamai a makarantun da ke tura yara AP garke guda saboda irin wannan jeri, ba darasin tallafi, ba komai, su fito da 1. Can ma lambar makaranta ake kiwo.

Sauran darussan ba su da tsawo. Duk abin da aka faɗa maka da baki a ofishin makaranta, ka nemi a rubuta maka. Ka tambayi layin lissafin ɗanka tun yana aji na 6. In an ce bai cancanta ba, ka tambayi wane ma'auni aka bi, kuma ko akwai takardar ɗaukar alhaki. Sau da yawa akwai. Kuɗin jarrabawar ya kusa dala 100 kowace ɗaya, amma akwai rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi, kada kunya ta hana ka nema. Ga malami sabon shiga kuwa, musamman baƙo mai karin harshe irina: ka bari a tabbatar da kai a aiki kafin ka taɓa lambar da wani ke alfahari da ita, ko kuma ka taɓa da saninka.

Zan koma koyarwa a kwalejin al'umma, ajin yamma. Ita kuma shugabar sashen, na ji gunduma ta zaɓe ta ta riƙa horar da sababbin malaman AP, saboda kyawun sakamakonta.