Baƙar Tunkiya da Buhunan Gashi Uku

Tun da Autata ta dawo daga naziri jiya take damun mu da "Baa, Baa, Black Sheep", tana waƙar tana ɗaga yatsu uku, hannu duk miyar kuka. Da na ce ta fassara min, sai ta ce ai waƙar rago ce. Ni ma na rera ta ina yaro, ban taɓa tambayar ma'anarta ba sai jiyan.

Ashe tsohuwa ce tukuf, tun wajen 1744 aka fara buga ta a Landan. Ana tambayar baƙar tunkiya ko tana da gashi, ta ce buhu uku: ɗaya na maigida, ɗaya na uwargida, ɗaya na ɗan yaron lungu. A wani bugu na wajen 1765 kuwa yaron ko ƙyalle bai samu ba, kuka ma yake. Wannan ya taɓa ni.

Wasu na cewa habaici ne kan harajin ulu da Sarki Edward na Ɗaya ya ɗora a 1275. Tabbas ulu ne arzikin Ingila a zamanin, har yau kan matashin ulu shugaban Majalisar Dattawansu yake zama. Amma ni ban gamsu ba. Kusan shekara 470 tsakanin harajin da bugun farko, maganar habaicin kuma sai ƙarni na 20 ta ɓullo.

Da na ba Auta labarin, cewa ta yi, "Baba, to wa ya cinye naman?"